Shuɗin Tsumman Kwamanda

"Baba, layi biyu ne fa suka rage! Ka bari in ƙarasa!"

"Takardar nan ta taɓa kwana a bariki?"

"Takarda ce, Baba, ina za ta kwana?"

"To ni na kwana. Shekara ashirin da biyu. Ninke ta ki ba ni wuri."

Auta ba ta ninke ba. Tana tsaye a bakin ƙofar falo, takarda a hannu, ƙafarta ɗaya na dukan ƙasa kamar tana taka keken ɗinki. Babanta, wanda duk layin ke kira Kwamanda, ya kwashe kwanukan kan tebur ya shimfiɗa tsoffin bindigogi biyu, babba da ƙarama, ya naɗe hannun riga har kafaɗa, yana zagaya su kamar likitan da zai yi fiɗa.

Maganar bariki gaskiya ce. Abin da ba ya ƙarasawa shi ne a ɗakin guga ya yi shekarun. Ya san wandon kowane soja, ya san mai tumbi, ya san mai ɓoye sigari a aljihu, amma bindiga sai dai ya hango ta ta taga tana wucewa a kafaɗar wani. Duk layin sun san haka. Sun ƙyale shi ne don labarinsa ya fi na rediyo daɗi, kuma ba ya cin batir.

Bindigogin na Malama ne, tsohuwar shugabar makaranta da ke zaune a ƙarshen layi da kabad uku cike da littattafai. Ita ta zaunar da Auta shekara biyu da suka wuce, lokacin da ko sunanta da ƙyar take haɗawa. Yanzu Auta ba ta barin rubutu ya wuce ta: buhun siminti, kwalin magani, bayan mota, duk sai ta karanta. Kowace Talata da Juma'a Malama na buɗe mata kabad ta zaɓi littafi ɗaya.

Mijin Malama, marigayi, mai gadin gandun daji ne. Ya bar bindigogin nan da takardunsu, ba harsashi, sun yi shekara ashirin a ƙarƙashin gado. Ranar Asabar gidan tarihi zai aiko mutum ya duba su, in sun yi, a sa su cikin gilashi tare da hoton marigayi. Malama tana maganar a ɗan goge su ke nan sai ga Kwamanda ya zo kiran Auta. Ya gan su, ya ɗaga ɗaya, ya leƙa bututun da ido ɗaya, ya yi tsaki, ya ce datti ya cika ta, kuma a faɗin garin nan shi kaɗai ya rage wanda ya san maganinta. Malama ta cire tabarau ta dubi Auta.

"Babanki ya san aikin nan?"

Ga Baba tsaye yana murmushi har kunne. Me za ta ce?

"Eh, Malama."

Tun ranar wannan "eh" ɗin ya tsaya mata a rai kamar ƙaya.

A akwatin marigayi akwai kwalba mai ruwan ƙasa, da baƙar sanda siririya mai rigar roba, da takardar bayani. Takardar ta ce harsashi yana da rigar tagulla, duk wanda ya wuce sai ya bar ɗan shafe a cikin bututu. Ruwan kwalbar yana cin tagulla: a jiƙa tsumma a tura, in ya fito shuɗi da saura, in ya fito fari an gama. Har nan Kwamanda ya saurara, yana gyaɗa kai yana cewa, "Abin da na ce ke nan." Daga nan ne ya ce ya isa.

Auta ta ja numfashi ta karanta da ƙarfi, ko ya so ko ya ƙi. "Kada a yi amfani da sandar tagulla, domin ruwan zai ci ta, tsumma ya yi ta fitowa shuɗi ko da bututun ya fita tas! Kuma kada a bar ruwan a ciki ya wuce minti goma sha biyar!"

Kwamanda ya miƙa hannu ya murɗa rediyo har ƙarshe. Mai labarin wasanni ya shanye minti goma sha biyar ɗin.

Baƙar sandar kuwa ko kallo biyu bai yi mata ba. "Wannan ta 'yan koyo ce." Ya tokare tagar falo da ita, ya tsallaka titi zuwa shagon Mai Walda, ya zaɓo doguwar sandar liƙi, rawaya, mai sheƙi, kaurin fensir.

"Kwamanda, wannan fa ta liƙin ƙarfe ce," in ji Mai Walda.

"Ka taɓa ganin janar riƙe da baƙar sanda?"

"Ban taɓa ganin janar ba."

"Shi ya sa."

Tagulla ce zalla. Auta ta gani tun daga ƙofa, ta buɗe baki, rediyo ya riga ta.

Tsumman farko ya fito shuɗi kamar an tsoma shi a bula. Kwamanda ya ɗaga shi sama da yatsa biyu ya fita titi. "Ku zo ku ga abin da ke kwance a cikin bindigar mutane!" Ya ɗaura igiya daga sandar lantarki zuwa tagar gida ya rataya shi. Kafin la'asar akwai goma sha tara a jere, duk shuɗi, babu wanda ya fi wani haske.

"Baba, ba ka ga ba ya raguwa ba?"

"Dattin shekara ashirin kike so ya fita a wuni ɗaya? Ke ko wanke-wanke sai kin yi jiƙo."

Ranar Talata aka fara taruwa. Tela ya fito da kujerarsa, Mai Aski ya juyo da madubinsa ta yadda zai riƙa gani ta ciki. Kwamanda ya samo ɗan sanda yana bin igiya yana bayani, domin a cewarsa kowane shuɗi da tarihinsa.

"Wannan mai duhun, ranar da marigayi ya kori ɓarayin hauren giwa ne. Harsashi bakwai, ɗaya ya kuskure. Wannan na kusa da shi, kura ce, tsohuwa, mai ɗingishi. Wannan kuwa gwaji ne kawai, gwangwani ya harba."

"Har gwangwanin kake gani?" in ji Mai Aski.

"Na madara ne."

Sai dai wari. Ruwan nan yana da wani wari kamar an tattara bayan gidan tasha goma an rufe a kwalba ɗaya. Ya fita ta taga, ya tsallaka titi, ya shiga shagon aski. Wani mutum da ake gyara wa gashin baki ya yi atishawa a daidai lokacin da bai kamata ba, ya koma gida da rabi. Tela ya yi ta hawaye har ya ɗinke aljihun wani ta sama da ƙasa. Kyanwar gidan ta kwashe 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya ta koma maƙwabta.

Kwamanda kansa idonsa ya yi jajur, hawaye na bin kuncinsa har cikin gemu.

"Baban Auta, ka fita da abin nan waje kafin ka makance," in ji Umma, gefen zani a kan hanci.

"Ba ruwan ne ba. Abokan fama nake tunawa."

"Waɗanne? Dutsen gugar ko gawayin?"

"Ummansu, ana aikin maza."

"To mazan su dafa abincinsu, ni na koma gidan Matar Direba da tukunyata."

Da yamma Auta ta je gidan Malama. Ta shirya maganar tun daga ƙofa, kalma bayan kalma. Malama ta buɗe kabad ta ce, "Ya aikin?" Auta ta dubi littattafan, ta dubi Malama, ta ce, "Yana tafiya." Ta fizgi littafi ko sunansa ba ta duba ba, ta fito a guje.

Laraba tsumma ya ƙare. Aka shiga tsoffin zannuwan Umma, aka shiga rigar matashin kai, aka shiga guntayen Tela. Da guntaye suka ƙare, Kwamanda ya fara kallon farin yadin da ke kan teburin Tela da wani irin kallo, Tela ya tashi ya zauna a kansa. Aka ƙara igiya ta biyu, aka ƙara ta uku. Masu wucewa suka fara tambaya ko an buɗe sabon shagon rini.

Auta ta gaji. Ta bari sai da maƙwabta suka watse, ta zo ta ɗauki sandar rawaya daga kan tebur.

"Baba, ka duba nan. Babu bindiga, ko? Ga tsumma, fari ne, ko? Ga ruwa."

Ta jiƙa, ta goga a jikin sandar sau uku, ta buɗe masa a gaban hanci. Shuɗi, shar.

Kwamanda ya karɓi tsumman, ya juya shi, ya ɗaga a haske. Zuciyar Auta ta fara rawa. Ga shi nan, ya gane, yau za a yi ta ta ƙare.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Kin ga yawan dattin nan kuwa? Har sanda ta ƙoshi tana amai."

"Baba! Sandar ce! Sandar tagulla ce, ruwan yana cin ta!"

"Yana cin ta? Ke kin ga baki a jikin ruwa?"

"An rubuta!"

"An rubuta a jikin motar haya cewa mutum goma sha huɗu take ɗauka. Nawa kika gani a ciki?"

Ya rataya tsumman nata a igiya, a wuri na musamman, kuma washegari ya gaya wa Mai Aski cewa na damisa ne.

Alhamis kwalba ta ƙare. Kwamanda ya sa hula ya tafi cikin gari neman wani. Ƙafarsa na fita Auta ta zare baƙar sandar daga taga, ta yage gefen tsohon ɗankwalinta, ta baje takarda a gabanta ta danne da kofi. Ta karkata kwalbar ta tatsi ɗigon da ya rage, ta ɗauki ƙaramar bindiga. Ta bi bayanin layi-layi, da yatsa a kan rubutu. Tsumman farko shuɗi. Na biyu shuɗi-shuɗi. Na uku kamar sama da safe. Na huɗu fari. Ta sake na biyar don kada a ce sa'a ce. Fari, fat. Ta busar, ta shafa mai yadda aka ce. Duk aikin bai kai a tafasa ruwan zafi sau biyu ba.

Ta mayar da sandar taga ta zauna tana jira, ƙafarta na dukan ƙasa.

Ya dawo da jarka a kafaɗa. Daga wajen mai sayar da kayan wanke bene ya samo, wanda ya ce masa a sirka kofi ɗaya da ruwa goma.

"Na ce masa ni ko shayi ba na sha mai ruwa-ruwa. Mene ne wannan?"

Auta ta jera masa tsumma biyar a tebur, daga shuɗi zuwa fari. "Na gama ƙaramar. Da baƙar sanda. Ka leƙa ka gani."

Ya leƙa. Cikin bututun na ƙyalli kamar cikin sabon cokali. Ya daɗe yana leƙawa, har sai da Auta ta fara tausaya masa. Sai ya sauke ya girgiza kai.

"Fari? Ai fari alamar ba ki taɓa komai ba ne. Shafa ta kika yi kamar mai lallashin jariri. Dattin yana can ƙasa ya laɓe, yana miki dariya. Tela! Mai Aski! Ku zo ku shaida!"

Suka zo, kowa hannu a hanci. Kwamanda ya naɗa tsumma a sandarsa rawaya, ya tsoma a sabuwar jarka, ya tura cikin bindigar da Auta ta wanke, ya juya, ya ƙara juyawa, ya tsaya ya ba da labarin wani kofur, sannan ya zaro.

Shuɗi har da ɗiga.

"To?" Ya zagaya da shi kowa ya gani. "Ta ce ta gama. Ga gamawa nan. Yarinya, karatu daban, aiki daban."

"Kai, Kwamanda, hannunka ba na banza ba ne," in ji Mai Aski, yana ƙifta wa Tela ido.

Auta ta shige ɗaki ta kifa fuska a matashin kan da ba shi da riga.

Juma'a ta sake zuwa gidan Malama, kuma wannan karon ta rantse sai ta faɗa. Ta iske ta a zaune tana goge gilashin hoton marigayi. Yana tsaye a gindin wata bishiya, matashi, siriri, da babbar bindigar a kafaɗa, hannunsa a kan katakonta mai sheƙi. Malama ta rubuta ɗan bayani a kati, wanda za a ajiye kusa da hoton.

"Karanta min in ji ko ya yi daɗi a baki."

Auta ta karanta. Shekara talatin yana gadin daji, bai taɓa harbin abin da bai kawo masa hari ba, kullum sai ya goge bindigarsa kafin ya ci abinci. Ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

"Kin ji karatu," in ji Malama. "Gobe dai komai zai shirya?"

Wa zai iya faɗa a gaban wannan hoton?

"Zai shirya, Malama."

Ta dawo gida ta tarar Kwamanda ya fito da babbar dabara. Tunda lokaci ya ƙure, ba sauran lallashi. Ya toshe bakin babbar bindiga da kakin kyandir, ya kifa ta cikin bokiti ta jingina da bangon tsakar gida, ya ɗura mata ruwan jarka har ya cika, ya naɗa tsumma mai kauri a sandar rawaya ya cusa da ƙarfi.

"Ta sha ta ƙoshi zuwa gobe."

"Minti goma sha biyar aka ce!"

"Wancan na bindigogin yanzu ne, marasa ƙashi."

Ruwan ya yi ambaliya ya jiƙa katako. Fentin da marigayi ya yi shekara talatin yana shafawa da mai ya fara narkewa, yana gangarowa kamar ragowar shayi.

"Kin gani? Har ta waje dattin ke gudu."

Asabar da hantsi Kwamanda ya jera benci uku a ƙofar gida, ya aika aka gaya wa duk layi. Ya fito cikin kaki, kuma a nan dole a ba shi haƙƙinsa: karin wandon nan zai iya yanka albasa. A bayansa igiyoyi uku na kaɗawa, shuɗi daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

Malama ta iso da hoto a hammata, tare da mutumin gidan tarihi, wani siriri mai farar riga da safar hannu da 'yar fitila kamar biro. Yana zuwa ya yi tari, ya duba ƙasan takalminsa, ya sake yin tari.

"Ranka ya daɗe, ƙamshin aiki ne," in ji Kwamanda. "Ga shaida a igiya. Ɗari biyu da wani abu. Duk daga cikin bindiga biyu."

Mutumin ya dubi igiyoyin ya daɗe. "Bari in ga bindigogin."

Aka ba shi ƙaramar. Ya haska, ya leƙa. "Wannan lafiyarta ƙalau. Wani ya wanke ta da kyau, sai wani ya zo ya shafa mata shuɗi."

"Waccan yarinya ce ta yi wasa da ita, ni na gyara. Bari ka ga babbar."

Ya shiga ya fito da ita har da bokitin jiƙo, ya dire shi gefe ya zaro ta, sanda na leƙowa ta bayanta. Katakon ya yi fari-fari da dabbare-dabbare kamar jikin mai ƙyasfi. Malama ta dubi bindigar, ta dubi hoton da ke hammatarta. Auta ta so a ce ƙasa ta tsage.

"Yanzu za ku ga tsumman ƙarshe," in ji Kwamanda. Ya kama sanda ya ja. Ta ƙi. Ya sa ƙafa ya ja. Ta ƙi. Tsumman ya kumbura a ciki ya kama gam.

"Ta saba da ni ne. Mai Walda, riƙe nan. Tela, kama Mai Walda. Mai Aski, kama Tela."

"Ni wa zai kama?"

"Kama bakinka. Ɗaya, biyu..."

"Malam, kada ka ja haka," in ji mutumin gidan tarihi, ya matso da sauri ya sunkuya.

Bai kamata ya matso ba.

Aka ji fuk! Sanda ta fito, ruwan kwana ɗaya ya biyo ta, shuɗi mai kauri, ya sauka a kan farar riga daga wuya har cibiya. Mai Walda da Tela da Mai Aski suka zube a kan juna. Kwamanda ya yi baya-baya, ya yi baya-baya, ya kama igiya don ya tsaya, igiya ta tsinke ta jawo 'yan uwanta, ya zauna daɓas cikin bokitin jiƙo, ɓarayin hauren giwa da kura da damisa duk suka rufto masa a ka.

Amma bai saki sanda ba. Ya ɗaga ta sama daga cikin tsummokin, kamar wanda ya ci gasa.

Mai Walda ya miƙe ya karɓa. Ya juya ta, ya auna da yatsa. Inda take shiga bututu ta rame, ta yi koriyar tsatsa, ta yi ramuka, ta lanƙwashe.

"Wannan sandata ce? Na ba ka kamar fensir, ka dawo min da tsinken tsintsiya?"

Mutumin gidan tarihi ya cire safar hannu ya goge haɓarsa. "Da wannan kake aiki? Kwana nawa?"

"Shida," in ji Kwamanda daga cikin bokiti. "Ba hutu."

"To, Malam, kwana shida ka yi kana wanke sanda. Bindigar nan tun ranar farko da azahar ta fita. Duk abin da ke jikin igiyar nan sandar wannan bawan Allah ce." Ya nuna tagar falo. "Ga wadda ake aikin da ita can tana riƙe taga."

Sai Mai Aski ya ce, "Ashe gwangwanin madarar a shagon walda yake."

Shi ke nan. Tela ya kwanta a benci yana dukan katako. Matar Direba ta riƙe Umma, Umma ta riƙe bango. Mutumin nan mai rabin gashin baki, da ya zo musamman, ya yi dariya har sai da aka ba shi ruwa.

"Kuma wa ya ce a wanke?" in ji mutumin gidan tarihi, yana haska cikin babbar. "Mu ba harbi za mu yi ba. Yadda mai ita ya bar ta muke so. Ƙaramar zan ɗauka. Wannan kuwa, ciki ya ci, waje ya ci. Ba zan sa ta kusa da hoton nan ba, sai a ce ba ita ba ce."

Malama ta karɓi babbar da kanta, ta naɗe ta a mayafinta. Ana can ana ƙoƙarin zare Kwamanda daga bokiti, ta yafito Auta gefe.

"Kin karanta takardar cikin akwati?"

"Na karanta, Malama."

"Yaushe?"

"Litinin."

"Kika zo gidana Talata. Kika zo Juma'a."

Auta ta dubi yatsun ƙafarta.

"Ban ji haushin babanki ba," in ji Malama, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Shi bai karanta ba. Littafin da ke wurinki, in kin gama, ki ba Tela ya kawo min."

Ta juya ta tafi, hoto a hammata ɗaya, bindiga a ɗayar.

Da la'asar an watse. Umma ta dawo da tukunyarta tana zuba abinci. Kwamanda na zaune a falo a kan jarida, don bayan wandonsa bai bushe ba, yana shan ruwa yana nazarin abin da ya faru.

"In ka duba da kyau, laifin kamfani ne. Wa yake rubuta magana mai muhimmanci a ƙarshen takarda? Mu a bariki da ita ake farawa. Sannan Mai Walda. Mutum ya san halin sandarsa ya yi shiru." Ya kurɓi ruwa. Ya hangi Auta a bakin ƙofar ɗaki, littafi a ƙirji. "Ke ma da naki, Auta. Mutum ya haifi mai karatu, ana ta yabo a layi, ta ga abu ɓaro-ɓaro a takarda ta ja bakinta ta yi gum. Ina amfanin karatun?"

Ludayi ya suɓuce daga hannun Umma ya faɗa tukunya.

Auta ta buɗe baki. Maganganu sun kai ɗari, duk suka taso lokaci guda suka cushe a ƙofa, babu wadda ta fita. Ta rufe bakin. Ta zura takalmi, ɗaya ma a karkace.

"Ina za ki?"

"Gidan Malama."

"Ta ce ki zo?"

"Ba ta ce ba."

"To Tela aka ce ya kai littafin, na ji da kunnena."

"Tela ba shi ya ce 'eh' ba."

"Wane 'eh'? Ke dai tunda za ki, ki duba min agogon bangon nan nata. Ranar da na shiga na ji bugunsa ba daidai ba ne. Ki gaya mata in tana so, ni a bariki..."

Auta ta ja ƙofar da hannu biyu, da duk ƙarfin da ta tara tun Litinin. Ƙarar ta tsallaka titi, Tela ya soke yatsa ya yi ihu. Ba ta waiwaya ba. Ta gyara riƙon littafin ta miƙe ƙarshen layi, tana sauri kafin bakinta ya sake rufewa.